Daga Wudil zuwa Keta, ina bin sawun yashi

Sana'ata yashi. Tifa biyu gare ni, ɗaya gado ce daga mahaifina, ɗayar kuma guminta na ci kafin na mallake ta. A kogin Wudil muke lodi, mu kai wa masu buga bulo da 'yan kwangila a cikin Kano. Na faɗi haka tun da wuri ne don kada a yi mamakin mutumin da aka gayyata ɗaurin aure, ya dawo bakinsa cike da labarin rairayi.

Baffana, ƙanin mahaifina, a Gana aka haife shi. Kakanmu fataucin goro ya kai shi can, ya zauna a zangon Keta, sai da gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969 ya tattaro iyali ya dawo gida. Baffa bai iya zaman Wudil ba. Da ya kawo ƙarfi ya sulale ya koma, yanzu yana Aflao, garin da ke manne da Lome. Autarsa zai aurar, ya aiko cewa in babu wanda ya zo daga ɗakin yayansa to ya san matsayinsa. Ƙarshen Oktoba ne, kogi bai gama janyewa ba, aiki ya yi sanyi. Na ɗauko fasfo da katin rigakafin shawara, na sa turmin shadda biyu da kilishi a jaka, na kama hanya.

Naira dubu 42 na biya daga Kano zuwa Legas a babbar mota. Zariya, Kaduna, Abuja, Lakwaja, Okene, Akure, Badun: kwana muka yi muna gyangyaɗi muna farkawa, babu abin ba da labari in ban da ciwon baya. Wajen wani ɗan garinmu mai sayar da albasa na sauka a Agege.

Washegari na ce masa Bar Beach nake son zuwa. Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce, "Malam, yaushe rabonka da Ikko?" Rabona da ita tun ina yaro, mahaifina ya zo sayen kayan gyaran mota ya taho da ni. Abin da ban manta ba shi ne wani saurayi Bahaushe da ya ɗora ni a kan doki a bakin ruwan, ina kuka ina riƙe geza, teku na ruri kamar za ta haɗiye mu. Mun je dai. Muka tsaya a titin Ahmadu Bello, wanda a da in teku ta fusata take malalowa kansa ta shiga ofisoshi. Yau in ka tsaya a nan ba ka ganin ruwan ma. Fili ne shimfiɗe da dogayen gine-gine da ƙofa mai masu gadi, wai Eko Atlantic. Ƙasa ce aka ƙirƙira, an zuƙo yashi daga ƙarƙashin teku da jirage an cike wurin, aka kewaye shi da katangar da suke kira babbar ganuwar Legas, wadda aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8 da rabi, an jera mata curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne. Ni da na san abin da cike kududdufi ɗaya yake ci na tifa, tsayawa na yi baki buɗe.

A nan wani dattijo Bayerabe mai jin Hausa, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, ya faɗa mini maganar da ta bi ni har Gana. Ya ce yashin bakin teku ba a zaune yake ba, matafiyi ne. Igiyar ruwa a wannan gaɓar ba kai-tsaye take dukan ƙasa ba, a karkace take zuwa, saboda haka kullum tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, kaɗan-kaɗan, dare da rana. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangun dutse a bakin mashigar jiragen Legas don kada yashi ya toshe ta. Yashi ya zo ya tarar da katanga ya taru a yamma, Bar Beach da ke gabas ta daina samun rabonta, teku ta yi ta gatsarta shekara da shekaru. Na ce to yanzu ai an yi maganin abin. Ya nuna gabas da leɓe, wajen Lekki, ya ce in je in tambayi mutanen Okun Alfa. Su suna cewa ruwan da aka kora daga nan kansu ya koma, masu aikin kuma suna cewa ba haka ba ne. Ban je ba, cunkoson motocin ranar ya fi ƙarfina. Amma na gane cewa tunda yamma na nufa, ni da yashi hannun riga za mu yi ta yi, zan riƙa ganin ɓarna kafin in ga abin da ya jawo ta.

Daga Mil Tu na shiga ƙaramar mota zuwa Seme, naira dubu 7. Wanda bai bi hanyar Badagiri ba bai san shinge ba. Daga Agbara na fara ƙirgawa, na kai ashirin da wani abu na bari, don wani shingen kana tsaye a kansa kana hango na gaba. Wasu da kaki, wasu da rigar gida da gora mai ƙusoshi. Direbanmu ya canjo 'yan ɗari biyu-biyu ya cusa a aljihun gaba, yana miƙawa ba ya ko kallon mai karɓa, kamar mai raba goron suna. A wani shingen aka ce in sauko. Wani mai kaki ya juya katin rigakafina gaba da baya, ya ɗaga shi sama yana duba hatimi a hasken rana, ya ce tambarin bai fito sosai ba. Na ce, "Oga, a asibitin gwamnati aka buga shi." Ya ce shi bai ce ba a buga ba, cewa ya yi bai fito ba. Fasinjoji suka fara tsaki, wata mata mai kwandon tumatir ta ce da ni cikin gurɓatacciyar Hausa, "Aboki, ba shi dubu ɗaya mu tafi." Da na ba shi tambarin ya fito.

Ginin iyakar Seme-Krake na haɗin gwiwa ne, Buhari da takwaransa Talon na Benin suka buɗe shi a 2018, yana da kyan gani daga waje. Na yi canji wajen wasu 'yan Sakkwato, sefa dubu ɗaya a kan naira dubu biyu da ɗari shida, kuɗina suka koma 'yan tsiraru a hannuna har na ji kunya. Kwatano ban daɗe ba. Ɗan acaba mai rigar ruwan ɗorawa, su zemijan suke cewa, ya kai ni Zongo a sefa 500, na yi Azahar a babban masallaci, na ci shinkafa da miyar wani Bazabarme da ya cika ni da kukan yadda rufe iyakar Nijar da Benin tun 2023 ya karya musu kasuwa. Shi ya gaya mini cewa unguwannin da ke gabas da tashar jiragen ruwan Kwatano, wajen Akpakpa, teku ta cinye gidaje da yawa bayan gina tashar a shekarun 1960, sai da aka jera duwatsu. Maganar dattijon Legas ce dai, ba a canza ko wasali ba.

La'asar sakaliya na isa Grand-Popo, sefa dubu 3 a tasi mai ɗaukar mutum shida. Niyyata in kwana in wuce, sai na yi kwana biyu. Gari ne siriri, shimfiɗe tsakanin teku da kogin Mono, ga kwakwa jere kamar an dasa da igiya. Ɗakin da na kama sefa dubu 8, fanka ɗaya, gidan sauro mai huji uku. Daren farko ban runtsa ba. Mu mutanen tudu mun saba dare ya yi tsit, in ka ji ƙara to hadari ne ko babbar mota. Nan kuwa duk bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ka ji dum, kamar an juye tifar dutse a bayan ɗaki, ƙasa ta amsa. Sau biyu ina fitowa da tocila in duba ko ruwan ya iso.

Da asuba na sami mai shayi, ɗan Maraɗi, shekararsa goma sha a garin, yana jin yarensu da Faransanci. Allah ya haɗa ni da tafinta. Da ya ji sana'ata sai ya bar wa yaronsa tebur ya ce in zo ya nuna mini yashin da ya fi ƙarfin tifata. Muka hau babur muka yi yamma, wajen Agoue, kusa da iyakar Togo.

Na ga yashi a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Daga inda kwakwa ta ƙare zuwa inda ruwa ya fara tafiya ce sosai, fili fetal, sabo, ja-ja. Ya ce da can ruwan yana gindin kwakwar nan, har ya fara cin gidaje. Aiki ne na shirin WACA da Bankin Duniya ya ƙaddamar a 2018 don gaɓar Afirka ta Yamma, Togo da Benin suka haɗa kai suka ba kamfanin Boskalis na ƙasar Holan. Iri biyu aka yi. Na farko yatsun dutse: a jera manyan duwatsu a miƙa su cikin teku kamar yatsa, yashin da ke tafiya gabas ya zo ya maƙale a jikinsu. An gina sababbi 15, an gyara tsofaffi 6. Na biyun shi ya ɗaure mini kai. Jirgi ya je can tsakiyar teku ya zuƙo yashi ya zo ya tula a wuri ɗaya, kubik mita miliyan 6 da dubu 400, aka bar shi. Ba a daɓe ba, ba a kewaye ba. Wai da gangan aka ajiye don teku ta riƙa ɗiba tana rarraba wa garuruwan gabas da kanta, dabarar da 'yan Holan suka fara gwadawa a ƙasarsu a 2011.

Na tsuguna na yi lissafi da yatsa a kan yashin. In an ce kowace tifa kubik goma take ɗauka, tifa dubu 640 ke nan. Motocina biyu, in kowacce ta yi sawu biyar a rana babu hutu babu lalacewa, sai sun yi shekara 175. Mai shayi ya ce me nake rubutawa, na ce shekarun jikokin jikokina.

Na damƙi yashin na murza. Mai kauri ne, akwai ɓarɓashin bawon katantanwa, da a Kano ne masu bulo sai sun yi rububinsa, duk da cewa gishirinsa yana cin rodi in ba a wanke ba. Kuma a ganina, a matsayin wanda ya san halin abin, wannan dabarar ta fi katanga gaskiya. Katanga cewa take yi ruwa ya je ya ci wani. Wannan kuwa an yarda cewa cin zai yi, an zuba masa akushinsa. Illarta ɗaya, akushi yana ƙarewa, kuma ranar da ya ƙare sai an sake nemo kuɗin jirgi. Na tambayi wani masunci da ke ɗinkin taru a gefe, ta bakin tafintana, ko yana murna. Ya ce gidansa ya tsira, wannan kam ya gode. Amma jan kwalekwale daga ruwa zuwa tudu yanzu sai mutum goma sha, kuma a wajen yatsun dutsen taru yana yagewa.

Rana ta biyu muka shiga kwalekwale a kogin Mono, sefa dubu 10 ni da mai shayi, muka nufi inda kogin ke faɗawa teku, wurin da ake kira Bouche du Roy. Gefe da gefe wasu itatuwa ne da ban taɓa gani ba, mangurof, suna tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje sun yi cirko-cirko kamar ƙafafun gizo-gizo. Mai tuƙin ya ce a cikin saiwoyin nan kifi da ƙaguwa ke haihuwa, kuma su ke riƙe laka kada ruwa ya tafi da ita. Matsalar ita ce itacen yana da kyan wuta, mata na sara don bandar kifi da dafa gishiri. Ya nuna mana wani fage da aka yi wa aski tas, sai kututture, sannan ya nuna wani inda aka dasa sababbi a layi, 'yan tsirrai iya gwiwa, kowanne tsaye cikin taɓo. Sai na tuna shingen darbejiya da aka dasa a Jigawa da Katsina don tare hamada, da yadda ake bin dare ana sarewa a kai gidan burodi.

Su sun samo maganin masu bin dare. A bakin wani kurmin na ga an kafa wani abu kamar ƙaramar bukkar ciyawa da tsummoki masu launi. Mai tuƙin ya rage murya. Zangbeto ne, dodon da suke cewa mai gadin dare. In dattawan gari suka damƙa masa kurmi, babu mai ƙara sa gatari a ciki. Ni dai na yi ta'awwuzi a zuciyata. Amma ido ba ya ƙarya, kurmin dodon ya fi ko'ina duhu da tsayi. Mu ma ai muna yara akwai tsamiyar da ko reshenta ba a karya saboda an ce gidan iska ce, ita kaɗai ta rage a unguwarmu yanzu, sauran da ba su da masu gida duk sun zama gawayi.

Da yamma mai shayi ya kai ni wata rumfa a bakin ruwa inda wasu samari ke tsaron ƙwan kunkurun teku. Uwar takan fito da dare ta haƙa rami ta zuba ƙwai wajen ɗari ta koma. Da mutane da karnuka ke tonewa. Yanzu samarin kan kwashe su binne a cikin shinge har su ƙyanƙyashe bayan kusan wata biyu. An ba ni ɗaya na riƙe, bai cika tafin hannuna ba, yana ta iyo a iska. Da na ajiye shi bai yi shawara da kowa ba, ya miƙe sai ruwa. Na ba da sefa dubu ɗaya a akwatinsu. Abincin darena kifi ne gasasshe da wani tuwon masara mai tsami a ganye, da yaji da ya sa ni hawaye, sefa dubu 2.

A Hilakonji na tsallaka Togo, agogo ya koma baya da awa guda, na yi ta mamakin yadda taku ashirin ya ƙara mini tsawon yini. Aneho ce garin farko, wadda ta taɓa zama hedikwatar Jamusawa kafin su koma Lome a 1897. Gaɓar Togo duka-duka ba ta kai kilomita 60 ba, ka ce daga Kano zuwa Wudil da ɗan ƙari, amma a wannan 'yar tazarar na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Direban tasinmu, da mai shayi ya haɗa ni da shi, ya tsaya wajen Baguida ya ce in leƙa. Can cikin ruwa, inda igiya ke fashewa, wani baƙin dutse ne shimfiɗe dogo kamar dandamali. Ya ce da a binne yake ƙarƙashin rairayi, ba wanda ya san da shi. Tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho kuma tana can, teku ta cinye ta, aka yi wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta, wadda muke kai ta uku ce. Ga rijiyoyin kankare tsaye cikin ruwa kamar bututu, ƙasar da ke kewaye da su ta tafi ta bar su tsirara. Rijiya a tsaye, sama da kaina. Minti ashirin bayan nan muka wuce tashar jiragen ruwan Lome, wadda aka buɗe a 1968, sai ga rairayi a yammacinta faɗi guda, har ana ƙwallo ana shan iska a kai. Abin da aka rasa a Baguida ga shi nan a tare, ko ɓoyewa ba a yi ba.

Direban ya ce ba tashar kaɗai ba ce, da can tifofi kan yi layi a bakin ruwa suna ɗiba ana kai wa magina, sai da gwamnati ta hana. Ya tambaye ni sana'ata. Na ce ina harkar motoci.

Iyakar Aflao cikin gari take, ka fito daga kasuwar Lome ka faɗa ta Gana. Ɗan Baffa ya tarye ni, ya karɓi jakata yana cewa, "Yaya, ka zo lafiya? Amarya ya ce a gaishe ka." Na ɗan yi turus kafin na tuna Hausar Gana ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Baffa ya tsufa, amma da ya gan ni ya miƙe ya rungume ni yana kiran sunan mahaifina. Aka ɗaura aure lafiya ranar Asabar. Na ci waakye, wadda shinkafa da wake ce tamu ta je ta yi ado da taliya da gari da baƙin yaji ta riƙe sunanta, da safe kuma koko da ƙosai, can ma "Hausa koko" suke ce masa.

Ranar Litinin na ce, "Baffa, ina so ku kai ni Keta in ga inda aka haife ku." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Sai dai in nuna maka saitin wurin."

Sidi 30 kowannenmu a ƙaramar bas da suke kira tirotiro. Daga Denu hanyar ta bi wani siririn tudu, teku a hagu, tafkin Keta a dama, tafkin da ya fi kowane irinsa girma a Gana. A wasu wuraren in ka jefa dutse daga wannan ruwan zai faɗa wancan. Muka wuce Adina inda ake gishiri, sai Amutinu, Salakope, Agavedzi. A nan na ce a sauke mu. Gidaje ne na bulo, ginin mutunci, an yanke su biyu kamar da wuƙa: rabin ɗaki na tsaye da fentinsa shuɗi da ƙusar rataye kaya, ɗaya rabin babu. Yashi ya cika wasu har taga. Wata tsohuwa na zaune a bakin abin da ya rage na ƙofarta tana gyaran ƙananan kifi. Baffa ya yi mata magana da yaren Ewe, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya ce cewa ta yi wannan ne gida na uku da ta gina, kuma ruwa ya tone maƙabartarsu, sai da aka kwashe ƙasusuwan iyaye aka kai tudu. A Nuwamban 2021 teku ta yi toroƙo cikin dare ta raba dubban mutane da muhallinsu a wannan yankin, daga nan kuma ba ta daina dawowa ba. A 2025 Shugaba John Mahama ya ƙaddamar da kashi na biyu na aikin kare gaɓar Blekusu, wanda ake sa ran zai rufe waɗannan garuruwan. Mun ga manyan motoci na sauke duwatsu. Tsohuwar ko kallonsu ba ta yi.

Daga Blekusu zuwa gaba sai yatsun dutse suka fara, gaɓa ta yi faɗi, hanya ta yi kyau. Can gaba kuma sai babban aikin kare Keta da aka gama a 2004 a kan dala miliyan 80 da 'yan kai: manyan yatsu 6, katangar dutse, hanya mai tsawon kilomita 8 da ɗoriya, da sabon fili da aka cike don waɗanda suka rasa gidaje. Ya ceci abin da ya rage na Keta, wannan ba musu. Amma ni da na fito daga gabas na riga na ga wanda ya biya.

Keta da yaren Ewe wai "kan yashi" take nufi. Gari ne da ka gani ka san ya taɓa zama wani abu: tsofaffin shagunan Turawa, coci-coci, tituna masu faɗi da ba kowa. Baffa ya ce jirage kan tsaya a nan kafin a buɗe tashar Tema a 1962, kasuwar Keta kuwa har daga Lome da Kwatano ake cinta. Ya kai ni kurkukun bayi na Prinzenstein da 'yan Denmak suka gina a 1784. Sidi 20 aka karɓa. Rabinsa kawai ya rage, teku ta rushe sauran a 1980. Mai zagayawa da mu ya nuna ɗakin da ake tara mata, duhu, ƙasa da sanyi, da sarƙoƙi. Ban iya daɗewa a ciki ba.

Muka fito muka hau kan duwatsun katangar. Baffa ya cire hularsa saboda iska, ya miƙa sandarsa can cikin ruwa, nesa da inda igiya ke tashi, wajen da wani kwalekwale ke lilo. Ya ce, "Ka ga jirgin can? Ka ƙara gaba kaɗan. Nan ne gidan da babanka ya yi rarrafe. Akwai titi biyu a bayansa kafin ka kai bakin ruwa." Na duba, ruwa ne kore, babu ko alama. Ya ce makarantar allonsu tana hagu, da wata bishiyar kwakwa da malam ke ɗaure akuyarsa. Yana faɗa yana nuna wurare da sanda dalla-dalla, kamar mai raba gado.

Na ce, "Baffa, nan kuma wa ya tare muku yashin? Ban ga tashar jirgi a yamma ba." Ya ce tun kafin a haife shi ruwan ke ci, amma abin ya ƙaru bayan dam ɗin Akosombo. Kogin Volta ne ke kawo yashi daga can arewa ya zubar a teku, igiya ta kwaso ta raba wa Keta da Lome har gaba. Da aka datse kogin a 1965 don lantarki, yashin ya kwanta a bayan dam. A Togo ma an yi wa Mono haka da dam ɗin Nangbeto a 1987. Sai na tuna dangin mahaifiyata a Hadeja da Nguru, yadda suke cewa tunda aka yi Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ambaliyar da ke shayar da fadamarsu ta canza, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Mu a Kano muna noman rani muna murna.

Daga nan tunanina ya gangaro kan ramukan da muke bari a kogin Wudil, da gaɓar gonar wani bawan Allah da ta zube bara kusa da inda muke lodi, muka ce ikon Allah ne. Ban faɗa wa Baffa wannan ba. Na sauka daga kan duwatsun na cika gorar ruwa da yashin Keta, na ce zan kai wa mahaifina kan kabarinsa, tunda ƙasar haihuwarsa ce. Baffa ya ce wannan ba yashin Keta ba ne, jirgi ne ya kawo shi. Na ce haka nan.

Muka ci akple, wani tuwon masara, da miyar kuɓewa a wata rumfa, da 'yan ƙananan soyayyun kifi da suke wa laƙabi da 'yan makarantar Keta, sidi 25, muka koma Aflao kafin Magariba.

Dawowa ban tsaya ko'ina ba, mota ɗaya daga Aflao har Mil Tu. A hanyar Badagiri aka sake sauke ni, wani shingen daban. Mai kakin ya zazzage jakata, ya ture atamfar da Baffa ya aiko wa iyalina, ya ɗago gorar. Ya girgiza ta, ya buɗe, ya shinshina, ya zuba kaɗan a tafin hannu ya taɓa da harshe.

"Alhaji, mene ne wannan?"

Na ce yashi ne.

"Daga ina?"

"Daga Gana."

"Za ka kai ina?"

"Kano."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Suka dube ni, suka dubi gorar. Na biyun ya ce duk yashin da ke Arewa bai ishe ni ba? Na ce ai ni ma sayar da shi nake yi. Suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan na farkon ya rufe gorar ya miƙo mini, ya ce to tunda kaya ne na sayarwa, sai in biya ɗari biyar.